Liyafar Sinawa a Gwanzu: na tashi da yunwa, mai masaukina ya tashi da ɓacin rai

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun watan Afrilu, na ga gara in kawo shi nan, tunda akwai waɗanda suka riga ni sanin ƙasar Sin.

Shekara shida ke nan ina saro yadi a hannun wani Basine. Bai taɓa cutata ba. Akwai lokacin da dala ta tashi kuɗina suka maƙale, ya sakar mini kwantena ya ce in biya daga baya. Da na je Gwanzu a Afrilu sai ya ce wannan karon shi zai ciyar da ni. Ya kai ni wani gidan abinci na alfarma a bakin kogin da ya ratsa garin. Tun daga ƙofa aka bi da mu ta gaban manyan akwatunan gilashi cike da ruwa, kifaye da ƙaguwa da jatan lande suna yawo da ransu. Aka sa mu a ɗaki mu kaɗai, teburi zagayayye da faifan gilashi mai juyawa a tsakiya. Mu tara ne. Ya zaunar da ni a hannun damansa, muna fuskantar ƙofa.

Abin da aka fara shigowa da shi ɗan alade ne gasasshe, sukutum, fatar ta yi jawur tana ƙyalli. Ya sa hannu ya juyo faifan, ya tsayar da shi daidai gabana yana murmushi. Wallahi daga nan cikina ya rufe. An kawo abinci ya fi kala goma, ban taɓa komai ba sai gyaɗa da shayi da kankanar da aka kawo a ƙarshe. Ya ɗebo mini kifi da hannunsa ya sa a farantina, har muka tashi yana nan. Na ga yadda fuskarsa ta canza. Daga baya tafinta yake gaya mini kifin nan shi ya fi komai tsada a teburin, kuma domina aka ciro shi daga ruwa.

Ƙarshen Oktoba zan koma baje kolin Kanton (wani sunan Gwanzu ne), ya riga ya aiko cewa za mu sake cin abinci tare. Ban son in ci haram, ban kuma son in sake kunyata mutumin da ya yi mini halacci. Yaya zan yi?

Gaskiya Ɗaya:
Wa alaikumus salam. Alhaji ban ga abin damuwa a nan ba. Ka kare addininka, Allah ya saka maka. Ciniki ya haɗa ku, a tsaya a ciniki. Ka ce masa ba ka da lokaci, shi ke nan.

Alhajin Fam Santa:
A'a, ɗana, ba shi ke nan ba. Wanda bai yi harka da mutanen nan ba bai san nauyin teburin abinci a wurinsu ba. Na fara zuwa Gwanzu tun ana sayar da waya mai madannai, kuma rabin alherin da na samu a kan teburi aka ƙulla shi, ofis sa hannu kawai ake zuwa yi. In Basine ya kama maka ɗaki na musamman, ya tara yaransa da manajansa, yana nuna wa kowa cewa kai mutuminsa ne. Ka ƙi zuwa sau biyu, ba zai ce maka komai ba, sai dai ka ga sabon zane ya fita an ba wani kafin kai.

Alhaji Ɗan Kwari, tambaya ɗaya zan yi maka. Kafin ku tafi, ka gaya masa abin da kake ci da wanda ba ka ci?

Ɗan Kwari:
Ban gaya masa ba, Baba Alhaji. Na ɗauka ya sani, tunda ya sha ganina ina salla a shagonsa.

Alhajin Fam Santa:
To nan kuskuren yake. Ganin salla daban, sanin hukuncin abinci daban. Ɗan aladen nan da ya tayar maka da hankali, a wurin mutanen Kanton shi ne buɗe-taron babbar liyafa, a biki ma shi ake fara fitarwa. Kamar ka yi baƙo ka kayar masa da rago ne. Mutumin girmama ka ya yi iyakar saninsa.

Ɗalibin Shi'an:
Salamu alaikum iyayena. Shekarata ta huɗu ke nan a nan Shi'an ta ƙasar Sin ina karatu, bari in sa baki.

Abu na farko da ya kamata kowa ya haddace shi ne wannan rubutun: 清真. Ana faɗinsa kamar "cin-jan", shi ne halal ɗinsu. Da can za ka ga an rubuta halal da Larabci a allon shago, amma tun wajen 2019 an cire rubutun Larabci daga alluna a garuruwa da yawa, don haka waɗannan haruffa biyu za ka nema. Musulmi a ƙasar nan ba baƙi ba ne. 'Yan ƙabilar Hui kaɗai sun haura miliyan 11 a ƙidayar 2020, ga kuma Uigur da sauransu. Kuma kada a ɗauka abincin cin-jan ya tsaya a kan shagunan taliyar Lanzhou da 'yan kasuwarmu suka saba da su a unguwar Shawbe ta Gwanzu. Akwai gidaje na alfarma. A Beijin akwai Donglaishun, wani Musulmi Bahui ne ya kafa shi a 1903, har yau manyan baƙi ake kaiwa can su ci naman rago da ake yankawa siriri kamar takarda, kana tsoma shi a tafasasshen romo a gabanka. A Gwanzu ma akwai manyan gidajen abincin Shinjan, yankin Musulmin Uigur, masu ɗakuna na musamman. Mai kamfanin nan in an gaya masa, cikin minti biyar zai nemo ɗaya a wayarsa.

Abu na biyu, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro ga mutanenmu. Aladen da aka ajiye a gabanka ka gan shi ka kauce. Wanda ba a gani shi ne matsala. A girkin Kanton na manyan gidaje akwai wani romo da suke dafawa sa'o'i da kaza da ƙashin alade da busasshiyar cinyar alade, da shi ake yin miya, da shi ake jiƙa ganye. Sai ka ga faranti kore shar, ka ce ai wannan ganye ne, alhali a romon nan ya kwanta. 'Yan ƙullin nan farare masu jatan lande a ciki da ake turarawa a kwandon gora, yawanci ana sa musu kitsen alade don su yi taushi. Soyayyiyar shinkafa mai jajayen gutsattsarin nama, alade ne. Yajin da suke kira XO, duk da kayan teku ne ginshiƙinsa, akwai busasshen naman alade a ciki. Ga kuma giyar girki, wadda suke zubawa a kasko kamar yadda iyayenmu ke jefa magi.

Ɗan Maraɗi:
Ikon Allah. To me ya rage mutum ya ci?

Ɗalibin Shi'an:
Da yawa, Yaya, in an yi magana tun da wuri. Kifin da aka sa wa Alhaji a faranti, in turararre ne irin na Kanton, ba komai a kansa sai citta da lawashi da ruwan waken suya da zazzafan mai da ake kwarara masa a ƙarshe. Wasu masu girkin suna yayyafa giya, sai a ce kada a sa. Jatan lande da aka tafasa a ruwa zalla. Ganye da tafarnuwa da man gyaɗa. Awara kala-kala, don su ne tushenta, sai dai a tabbatar ba a sa mata niƙaƙƙen nama ba. Ƙwai da tumatir. Farar shinkafa.

Gaskiya Ɗaya:
Duk wannan zagaye-zagaye ne. Kaskon da aka soya alade yanzu, shi za a soya maka ganyen. Wa ya shiga kicin ɗin ya gani?

Malam Na Zaure:
Bismillah. Tambayar Gaskiya Ɗaya tana kan hanya, kuma an riga mu yin ta. Sahabi Abu Sa'alaba al-Khushani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ƙoren mutanen da suke zaune a cikinsu waɗanda ba Musulmi ba. Aka ce masa in sun sami wasu ƙoren kada su ci a waɗannan, in ba su samu ba su wanke su ci. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim, a ruwayar Abu Dawuda ma an ambaci cewa mutanen suna dafa alade a tukwanensu. Don haka tsarin a fili yake. In akwai gidan abincin Musulmi, shi ne farko. In babu, wanki yana tsarkake ƙarfe da tangaran.

Nama kuma, ko na kaza ne ko na sa, a gidan da ba na Musulmi ba a can, a bar shi. Rangwamen da aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta yi na yankan Ma'abota Littafi ne, akasarin mutanen can kuwa ba su ba ne. Amma abin teku ba ya bukatar yanka. Aya ta 96 a surar ta halatta shi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya an faɗaɗa, kifi da ƙaguwa da jatan lande duk sun shiga. Alhaji, kifin nan da ka bari, in babu giya a cikinsa, da ka ci ba ka yi laifi ba.

Ɗan Kwari:
Allah gafarta Malam, wannan maganar ta ƙara sa ni nadama. Amma a lokacin ban san me aka sa masa ba.

Malam Na Zaure:
Barin abin da kake kokwanto ba laifi ba ne. Abin da ya kamata shi ne ka tambaya, ga tafinta a gefenka. Ni abin da ya fi damuna ba ka ambace shi ba. An sha giya a teburin?

Ɗan Kwari:
An sha, Malam. Wata fara kamar ruwa, a 'yan ƙananan kofuna. Suna ta miƙewa suna haɗa kofi. Ni shayi na riƙe.

Malam Na Zaure:
To wannan ita ce gaɓar da sai an gyara. Akwai hadisi a Tirmizi da ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya. Ban ce ka yi zunubin wanda ya sha ba, ka faɗa ciki ne ba da shiri ba. Amma yanzu da ka sani, sai ka nemi a yi zaman babu ita.

Alhajin Fam Santa:
Malam, da girmamawa, nan fa akwai wuya. Alade za su bari cikin sauƙi, ko a jikinsu. Amma farar giyar nan, ita ce liyafar a wurinsu. Akwai mai suna Moutai da kwalba ɗaya ta fi kuɗin abincin teburin wani lokaci. Ka ce mutum takwas kada su sha saboda kai, kana baƙo?

Malam Na Zaure:
Alhaji, ban ce ya kafa musu doka a garinsu ba. Roƙo zai yi, kuma mai masaukin da ya damu da baƙonsa zai ji. In an ƙi, ya san inda ya tsaya.

Ɗalibin Shi'an:
Akwai mafita a cikin al'adarsu ma. Suna da wata magana, "yi ca dai jiu", wato shayi a madadin giya. Wanda ba ya sha saboda lafiya ko tuƙi yana faɗin ta, a karɓa. Kuma gidajen cin-jan iri biyu ne, akwai masu sayar da giya duk da allon, akwai waɗanda ba sa yarda a shigo da ita sam. In aka zaɓi na biyun, gidan ne ya hana, ba Alhaji ba. Kowa ya tsira da mutuncinsa.

Maman Biyu:
Ni ban taɓa zuwa Sin ba, amma sana'ata girki ce, kuma na ci a wani babban gidan abincinsu a nan Abuja sau uku, na ƙarshe ranar da muka cika shekara goma da aure. Na ga ana ta maganar abin da za a guje wa, ba wanda ya faɗi daɗin abin. Ku bar ni in faɗa.

Agwagwar nan ta Beijin. Mai girkin da kansa ya turo ta a kan keke har gaban teburinmu, da farar hula da safar hannu. Ya fara feɗe fatar ita kaɗai, tana ƙaras-ƙaras ƙarƙashin wuƙa, sannan ya bi tsokar yanka-yanka, kowane yanki da ɗan kitsensa. Aka kawo wata waina siririya kamar fatar sambusa, ka shafa baƙin miya mai zaƙi, ka sa lawashi da kokwamba da nama, ka naɗe. Na tambaye shi sirrin fatar, ya ce ana hura iska tsakanin fata da tsoka, a watsa mata tafasasshen ruwa, a shafa ruwan sikari, a rataye ta ta bushe kafin ta shiga wuta. Ni da na yi shekaru ina gasa kaji, ranar na san akwai sauran karatu.

Kuma kafin mu yi oda sai da maigidana ya kira manajan ya tambayi inda suke sayen nama da abin da suke soya alade a ciki. Bai ji haushi ba, ya amsa dalla-dalla. Matambayi ba ya ɓata.

Gaskiya Ɗaya:
Hajiya nawa kuka biya?

Maman Biyu:
Da tsada, ba zan ɓoye ba. Kuma farashin da ke kan takarda ba shi ne ƙarshe ba, ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 da kuɗin hidima a kai. Abin da ya ƙona mini rai guda ɗaya ne: kifi ba a rubuta kuɗinsa ba, mai kawo abincin ya faɗi farashi, muka ɗauka na kifin ne gaba ɗaya, ashe na kilo ne. Sai da lissafi ya zo muka gane. Laifinmu ne da ba mu ce a auna a gabanmu ba, amma shi ma ya ga ba mu gane ba ya yi shiru.

Gaskiya Ɗaya:
Kin gani ko. Kuɗin buhun shinkafa a zama ɗaya, ana cikin wannan hali. Ni wannan almubazzaranci nake kira, ko a Abuja ko a Gwanzu. Kala goma sha wani abu a gaban mutum tara, rabi a zubar.

Maman Biyu:
Ƙanena, sau ɗaya a shekara da guminmu, kuma ko ƙashi ba mu bari ba, sauran agwagwar miya aka yi mana da ita muka taho gida. Mu da muke yin biki a zubar da shinkafa a bola, mu fara gyara namu.

Ɗalibin Shi'an:
Maganar zubar da abinci su ma ta dame su. A da cika teburi har a bar saura shi ne alamar karamci. Tun 2013 gwamnati take kamfe a kan a cinye abin da ke faranti, a Afrilun 2021 kuma suka yi doka sukutum ta hana ɓarnar abinci. Yanzu ko a babban gida ba kunya ba ce ka ce "da baw", a ƙunsa maka saura. Batun awo kuma da Anti ta faɗa, a can da "jin" suke sayar da kayan teku, jin ɗaya rabin kilo ne. A kula.

Ɗan Maraɗi:
Ni abin da ya hana ni sakewa a irin wuraren nan tsinkayen cin abincin ne. Da warin wani abu baƙi da suke sa wa kifi.

Maman Biyu:
Wannan baƙin ai daddawa ce, Malam. Waken suya ne suke ruɓarwa da gishiri, kamar yadda muke yi da kalwa. Ranar da na ɗanɗana na ce wannan 'yar gidanmu ce. Tsinke kuwa ka nemi cokali, ba wanda zai kalle ka.

Alhajin Fam Santa:
Gaskiya ne, cokali ba abin kunya ba ne. Abin da za ka kiyaye, kada ka soke tsinkayen a tsaye cikin kwanon shinkafa, yana kama da turaren da suke kunna wa mamaci. Kada ka juya faifan wani yana cikin ɗiba. In an zuba maka shayi ka ɗan ƙwanƙwasa teburi da yatsu biyu, godiya ke nan a Kanton. In za ku haɗa kofi da wanda ya girme ka, ka sa bakin naka ƙasa da nasa. Wannan ƙaramin abu ne, amma na ga dattijo ya riƙe hannuna da hannu biyu saboda shi. Shinkafa kuma a ƙarshe take zuwa a liyafa, in kana son ta da wuri sai ka nema.

Ga shawarata, Alhaji. Ka riga shi. Ka rubuta masa yau cewa wancan karon shi ya ciyar da kai, wannan karon naka ne, kuma kana son ka kai shi ya ci abincin Musulmin ƙasarsu. Zai yi gardama, don a wurinsu kokawar biyan kuɗi wajibi ce, har za ka ga manya suna ture juna a gaban mai karɓar kuɗi. Ko ya kayar da kai ya biya, wurin dai kai ka zaɓa. Ka tafi masa da tsaraba, kilishi ba zai wuce kwastan ba, amma hula zanna ko jakar fata ta Kano za ta wuce. Sannan ka faɗa masa gaskiyar abin da ya faru a Afrilu da bakinka.

Gaskiya Ɗaya:
In dai babu giya babu alade, ni ba ni da ja. Amma har yanzu ina ganin kuɗin ya yi yawa.

Uwar Zaure:
An ji naka, an ji na kowa. Ɗalibi, don Allah ka rubuto jimlolin da Alhaji zai nuna wa masu kawo abinci, mu maƙala su a saman zaure, don masu tafiya baje kolin suna da yawa a nan.

Ɗalibin Shi'an:
To Mama. Zan turo da rubutunsu a hoto: ni Musulmi ne, ba na cin alade ko kitsensa ko romonsa, kada a sa giyar girki, a wanke kasko. Alhaji, wani abu kuma, in mutumin naka daga yankin Kociyaw masaƙarsa take kamar yawancin masu yadi, to ɗan Shawshin ne, garin da giyar girkin ta samo sunanta. Ka nanata masa wannan musamman, don shi ba zai ma lissafa ta a matsayin giya ba.

Ɗan Kwari:
Daga can yake kuwa. Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Jiya da daddare na rubuta masa ta hannun tafinta kamar yadda Baba Alhaji ya ce, na ba shi haƙuri a kan kifin, na bayyana masa dalili. Da asuba na tarar da amsa. Ya ce tun Afrilu yana zaton ba ni da lafiya ne ko kuma ya yi mini wani laifi a kan kaya, ya rasa yadda zai tambaya. Ya ce shi ne da ban haƙuri. Maganar in biya kuwa ya ce kada in sake tayar da ita. Ya turo hoton wani gidan abincin Shinjan mai koren allo, da haruffan nan biyu a jiki, ya ce ya kira su ba sa ajiye giya, shi da yaransa shayi za su sha. Yana tambaya ko ina cin naman rago, don yana son ya sa a gasa guda, kuma sai an yi oda kwana ɗaya kafin ranar.

Alhajin Fam Santa:
Ka ce masa kana ci. Wace rana ce? Ina Gwanzu daga 29 ga Oktoba, in akwai kujera ka sa da ni.